Tukunyar Mai Gona da Cikin Lebura: Addini da Abincin 'Yan Ƙwadago a Gadarif

Duk wanda ya san ƙasar Sudan ya san cewa jihar Gadarif, wadda ke gabashin ƙasar a kan iyaka da Habasha, ita ce rumbun hatsinta. Daga can ne dawa da riɗi suke fita zuwa Hartum da Fot Sudan da ƙasashen waje, kuma kasuwar amfanin gona ta birnin Gadarif tana cikin waɗanda suke yanke farashin hatsi a ƙasar baki ɗaya. To amma akwai wani al'amari da ba a cika tattauna shi ba idan ana maganar wannan arziki, wato abin da leburan da ke nome gonakin suke ci da abin da suke sha, da kuma wanda ke da ikon cewa a ci ko kada a ci. A wurin da mai gona Musulmi ne, leburansa kuwa sun haɗa da Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, kuma kasuwa mafi kusa tana da nisan wuni guda a ƙafa, tukunyar abinci kan zama wata hanya ta ɗora wa mutum hukuncin addinin da ba nasa ba, ko da mai gonar bai yi niyyar haka ba.

Ƙasar baƙar laka

Kafin mu shiga batun abinci, ya kamata mai karatu ya fahimci irin noman da ake yi a wannan yanki. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, mai dararrashewa da rani, mai danƙo da damina. Turawan Ingila ne suka fara noma da tarakta a can, a wani wuri mai suna Gadambaliya, wajen 1945, domin samar da hatsi a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A 1968 gwamnatin Sudan ta kafa Hukumar Noma da Injuna tare da tallafin Bankin Duniya, aka riƙa yanka daji ana raba wa masu hali, gona ɗaya fadan 1,000 ko 1,500. Fadan ɗaya ya ɗara eka ɗaya da kaɗan. Irin wannan gona ita ake kira "mashru'i", kuma galibin masu ita 'yan kasuwa ne da tsofaffin ma'aikatan gwamnati da ke zaune a birni, sai su naɗa wakili ya zauna a daji ya kula da aiki.

Sunan noman na injuna ne, amma tarakta huɗa da shuka kawai take yi. Cire ciyawa a watannin Yuli da Agusta da hannu ake yi. Yankan riɗi a Oktoba da lauje ake yi, kuma aiki ne na gaggawa, don idan riɗi ya nuna aka bar shi 'yan kwanaki sai ya fashe ya zube a ƙasa. Yankan dawa kuwa yakan kai daga Nuwamba har Janairu. Saboda haka kowace shekara gonakin suna buƙatar dubun dubatar hannaye na ɗan lokaci, waɗanda za su zo su yi aiki su tafi.

Su wa ke yin aikin?

Hausawa da Fulani da Barebari suna cikin na farko da suka ba da ƙarfinsu a gonakin gabashin Sudan. Tun kafin zuwan Turawa mahajjata daga Afirka ta Yamma suke ratsa wannan hanya, kuma garin Gallabat da ke kan iyakar Habasha ya daɗe a hannun shugabannin Takari. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, sun yi hijira suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Daga nan ne, da kuma ayarin masu niyyar Makka da suka biyo baya, aka samu ƙauyukan Hausawa a bakin kogin Rahad, a wurare irin su Hawata da Mafaza, da unguwanninsu a cikin birnin Gadarif kansa. Da yawa daga kakanninsu da ƙwadago suka fara, suna tara guzurin hajji. A yau a cikin jikokinsu akwai manoma masu ɗaukar lebura, akwai dillalan hatsi, akwai kuma waɗanda har yanzu da lauje suke ci. Wato ke nan al'ummarmu ta san wannan magana ta fuska biyu, ta fuskar mai karɓar abinci da ta mai bayarwa.

Bayan su akwai 'yan ci-rani daga Darfur da Kurdufan da duwatsun Nuba da kudancin Sudan, waɗanda ake yi wa laƙabi da "Jango". Marubucin nan haifaffen Kasala, Abdul'aziz Baraka Sakin, ya yi littafin ƙagaggen labari a kan rayuwarsu wanda ya ci kyautar Ɗayyib Salih a 2009, daga baya kuma hukumomi suka hana sayar da shi. Da kudancin Sudan ya ɓalle a ranar 9 ga Yuli, 2011, aka kuma samu matasa da yawa sun koma haƙar zinariya, sai hannaye suka yi ƙaranci, manoman Gadarif suka ƙara dogara ga leburan Habasha da ke tsallakowa ta Matamma da Gallabat, mafi yawansu daga yankunan Amhara da Tigrai, mabiya cocin Orthodox ta Habasha.

Yadda ake ciyarwa a kambo

Masaukin leburori a gona shi ake kira "kambo", 'yan bukkoki ne na kara da ciyawa a tsakiyar fili. Bisa al'ada, ban da kuɗin aiki, mai gona ne ke kawo abinci da ruwa. Abin da aka saba kawowa shi ne garin dawa na tuƙa asida, wato tuwo, da busasshiyar kuɓewa da suke kira "weka", da busasshen kifi da suke kira "kajek", da mai da gishiri da albasa, wani lokaci da sukari da ganyen shayi. Mutanen yamma sukan zo da "kawal", wato ganyen tafasa da aka tsima aka shanya, yana yi musu aikin daddawa a miya. Ruwa kuwa daga tafkin da aka haƙa ake ɗebo shi, ko a kawo a tanki.

Abin lura a nan shi ne, idan ruwan sama ya sauka a kan wannan laka, mota ba ta shiga, sai tarakta. Lebura ba shi da mai kosai a bakin hanya, ba shi da mai shayi, ba shi da kanti sai na wakili. Abin da aka kawo shi zai ci, lokacin da aka buɗe sito shi ne lokacin cinsa. Ma'aikacin ofis a birni idan ubangidansa ya rufe ɗakin cin abinci sai ya fita ya saya a waje. Wanda ke kambo ba shi da wajen da zai fita. Wannan shi ya sa ƙaramar doka daga bakin wakili take da nauyin da ba ta da shi a cikin gari. Wurare uku ne saɓani ya fi fitowa: marisa, da azumi, da nama.

Marisa: abinci ce ko giya?

Marisa ita ce 'yar'uwar burukutu, da dawa ake yin ta, tana da kauri, ƙarfinta kuma bai kai na "araƙi" da ake tacewa daga dabino ba. A wurin Musulmi hukuncinta a fili yake, abin da ke sa maye haramun ne. Sai dai a wurin al'ummomi da yawa na duwatsun Nuba da kudancin Sudan, marisa tana cikin abincin manomi, da ita ake fita gayya, ita ke riƙe cikin mai aiki daga safe zuwa la'asar. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Hartum, a littafinsa na 1993 a kan tsimammun abincin Sudan, ya yi dogon bayani a kan yadda take ƙosar da masu aikin ƙarfi. Don haka idan an ce wa irin wannan lebura ya bar ta, shi a ganinsa an rage masa abinci ne.

Tarihin hana ta ya daɗe. Gwamnatin Mahadi, daga 1885 zuwa 1898, ta hana giya da taba, tana yi wa masu sha bulala. Turawa da suka zo sai suka riƙa ba gidajen marisa lasisi, waɗanda ake kira "indaya". A Satumbar 1983 Shugaba Ja'afar Numeiri ya ayyana dokokin shari'a, aka tuttular da giya a kogin Nilu a Hartum, aka rufe mashaya a arewacin ƙasar. Dokar Laifuffuka ta 1991, ta zamanin Umar al-Bashir, a sashe na 78 ta yanke bulala 40 ga Musulmin da ya sha, sashe na 79 kuma ya tanadi ɗauri har na shekara ɗaya ga duk mai yi ko sayarwa ko ajiyewa don ciniki, ba tare da duba addininsa ba. Dokar ta keɓe jihohin kudu daga wannan hukunci. Ma'ana, abin da mutumin kudu zai yi a ƙauyensu babu laifi, idan ya zo ci-rani Gadarif ya zama laifi. Matan da suka fi shan kame da tara da ɗauri a kan dafa marisa, galibinsu 'yan gudun hijirar yaƙi ne daga kudu da duwatsun Nuba, waɗanda ba su da wata sana'a. A Nuwambar 2019 gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke dokar nan ta kiyaye ɗa'ar jama'a, a Yulin 2020 kuma Ministan Shari'a Nasruddin Abdulbari ya sanar da gyaran da ya ɗauke hukuncin shan giya daga kan waɗanda ba Musulmi ba, aka bar shi a kan Musulmi.

A tsawon waɗannan shekaru mai gona yana da doka a bayansa idan ya ce ba marisa a kambonsa, kuma gaskiya ne yana da hujjojin da ba za a raina ba. Garin dawar da ya kawo don tuwo ba zai so a jiƙa shi a yi abin da addininsa ya hana ba. Mutanen da ke kwana da lauje a gefensu idan maye ya shiga tsakaninsu, ƙaramar gardama kan zama jini. Direban tarakta mai maye hatsari ne ga kowa. Ga kuma leburan da kan ƙarar da ladan damina guda a gidajen shaye-shaye na ƙauyukan kan iyaka, su koma gida hannu rabbana. Duk wannan haka yake. Inda magana take canjawa shi ne idan wakili ya tashi daga "ba a yi a nan" ya koma bincike a jakar mutum, ko yanke masa lada saboda abin da ya sha a ƙauye ranar hutunsa, ko ya yi masa barazanar kira masa 'yan sanda a daidai ranar biya. A nan an bar tsare gona an koma amfani da addini don danne haƙƙi.

Azumi biyu a gona ɗaya

Watan Ramadan yana ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, saboda haka yakan faɗo a kowane lokaci na aikin gona. A 2004 da 2005 ya zo a Oktoba, daidai yankan riɗi. A 2012 da 2013 ya zo a Yuli, lokacin cire ciyawa. Wajen 2037 zai sake komawa kan riɗi. Mutanen Sudan sun shahara da karamcin azumi. A ƙauyukan da ke bakin manyan hanyoyi sukan shimfiɗa tabarmi a waje, su tare motoci su tilasta wa matafiya sauka a sha ruwa tare, da abin shan nan nasu na dawa mai suna "hilu-mur", kuma ba a tambayar baƙo addininsa kafin a miƙa masa ƙwarya.

Matsalar da rana take. Idan wakili da mai dafa abinci da rabin leburori suna azumi, abu mafi sauƙi shi ne a kashe wuta daga asuba sai magariba. Kiristan da ke cikinsu sai ya wayi gari yana azumin da bai ɗauka ba, a cikin rana mai zafi, da lauje a hannu, alhali Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan kuwa aikin na jinga ne, wato ana biya bisa yawan abin da mutum ya yanka, to yunwar tana rage masa kuɗi kai tsaye.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, leburan Habasha su ma masu azumi ne, har ma kwanakin azuminsu a shekara sun fi namu yawa. Mabiya cocin Orthodox suna azumi kusan kowace Laraba da Juma'a. Suna da babban azumi na kwana 55 kafin bikin Ista, da na mako biyu a watan Agusta da suke kira "Filsata", da wani daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Kirsimetinsu na 7 ga Janairu. A kwanakin nan ba su cin nama, ba su shan madara, ba su taɓa man shanu ko ƙwai, wasunsu har kifi suna bari, masu tsanantawa kuma ba su karyawa sai rana ta karkata. Mai karatu zai ga cewa Filsata ta faɗo a tsakiyar cire ciyawa, azumin Kirsimeti kuwa a tsakiyar yankan dawa. To idan miyar kambo guda ce, kuma an zuba mata kajek ko busasshen nama, Bahabashe mai kiyaye addininsa ko ya ci gaya ko ya karya azuminsa. Babu wanda ya ce masa ya bar addininsa, amma tukunya ta faɗa masa.

Shi kansa lebura Musulmi yana da nasa matsin. Malaman Malikiyya, mazhabar da Sudan da ƙasar Hausa suke bi, sun daɗe da yin magana a kan masu girbi a Ramadan: mutum ya kwana da niyyar azumi, idan wahala ta kai shi ga halin da ba zai iya ba sai ya sha ya rama daga baya. Wannan rangwame tsakanin bawa da Ubangijinsa yake. Mai gona ba shi da hurumin tilasta wa lebura ya sha don riɗi kada ya zube, haka kuma ba shi da hurumin ɓoye randar ruwa don kada wani ya sha.

Wa ya yanka?

Nama ba kullum ake ganinsa a kambo ba, sai ranar kammala aiki ko ranar salla, idan mai gona ya kawo akuya ko tunkiya. Nan ma akwai abin da ya kamata a sani. A Habasha al'ada ce mai ƙarfi cewa Kirista ba ya cin yankan Musulmi, Musulmi ba ya cin yankan Kirista. Kowane ɓangare da mahautansa, har a wurin biki akan yanka dabba biyu. Kiristan Orthodox shi ma da sunan Ubangiji yake yanka bisa aƙidarsa, kuma shi ma ba ya cin alade. Saboda haka mai gonar da ya yanka rago da kyakkyawar niyya ya ga wasu leburansa sun janye hannu, kada ya ɗauka raini ne ko ƙyama. Abin da shi zai yi ne idan aka kai shi wurin da bai amince da yankansu ba. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta yi maganar halaccin abinci tsakanin Musulmi da Ma'abota Littafi, amma halacci ba wajabci ba ne, balle a ɗora wa wanda ba ya bin littafin. Maganin wannan ba shi da tsada: a ba su tasu dabbar da rai, ko kuɗinta, su yanka da kansu.

Inda doka ta tsaya

Mai karatu zai iya tambaya, shin babu dokar da ta tsara wannan? Sudan ta rattaba hannu a 1970 a kan yarjejeniyoyi biyu na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da suka shafi batun. Ta 111 ta hana nuna bambanci a wurin aiki saboda addini. Ta 95 kuwa, mai kare lada, ta ce idan za a biya wani ɓangare na lada da kaya maimakon kuɗi, to kayan su kasance masu amfani ga ma'aikacin da iyalinsa, a kuma yi musu kima ta adalci. Ita wannan yarjejeniyar ta kuma hana biyan lada da giya mai ƙarfi, irin abin da masu gonakin inabi na Afirka ta Kudu suka daɗe suna yi wa leburansu. Ke nan mai gonar da ya ƙi sayen giya bai saɓa wa kowa ba, amma wanda ya ba da abincin da lebura ba zai iya ci ba, bai cika biyan ladansa ba.

Sai dai Dokar Ƙwadago ta Sudan ta 1997 ta fitar da leburan gona daga cikin waɗanda take karewa, in ban da masu aiki da injuna da makamantansu, ta kuma fitar da masu aikin wucin gadi. Wato direban tarakta yana da inda zai kai ƙara, mai lauje ba shi da shi. Wanda ya tsallako iyaka ba takarda kuwa, ko ofishin hukuma ba zai so ya kusanta ba. Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF a ranar 15 ga Afrilu, 2023, Gadarif ta karɓi ɗimbin mutanen da suka gudo daga Hartum da Jazira da Sinnar, ga kuma 'yan gudun hijirar Tigrai da aka sauke a sansanin Um Rakuba tun Nuwambar 2020. Idan masu neman aiki suka yi yawa, bakin mai ƙorafi yakan mutu. Abin da ya rage yana kare lebura shi ne al'ada da tsoron Allah na wanda ya ɗauke shi.

A nan ne ya kamata a koma ga fiƙihun da mai gonar ya yarda da shi. A Malikiyya ya halatta a ɗauki mutum aiki a kan cewa ciyarwa tana cikin ladansa, gwargwadon abin da aka saba a wurin. Idan haka ne, abincin kambo bashi ne a wuyan mai gona, ba sadaka ba ce da zai bayar in ya ga dama. Haka nan malaman Malikiyya da na Hanafiyya sun tafi a kan cewa Musulmin da ya zubar da giyar wanda ba Musulmi ba da ke zaune cikin amana, matuƙar bai bayyana ta a fili ba, sai ya biya shi. Littattafan Malikiyya sun ma ce mijin da ya auri mace daga Ma'abota Littafi ba shi da ikon hana ta abin da addininta ya halatta mata na ci da sha. Idan miji bai samu wannan iko a kan matarsa ba, ina ga mai gona a kan wanda ya zo yi masa aikin kwana 20? Gaskiya ne akwai malaman da suke ganin bai dace Musulmi ya dafa ya miƙa wa wani abinci da rana a Ramadan ba, ko da wanda ba Musulmi ba ne. Mai gonar da ya ɗauki wannan fatawa yana da mafita, ya auna wa kowane rukuni garinsu da mansu tun da dare, su hura wutarsu a gefe.

Abin da ke faruwa a wasu ƙasashe

Wannan ja-in-ja ba a Sudan kaɗai ake yin ta ba, kuma ba kullum Musulmi ne ke riƙe da ludayi ba. A Agustan 2009, a lardin Mantova na ƙasar Italiya, wani kwamitin kula da lafiyar ma'aikatan gona ya ce dole leburori Musulmi su sha ruwa da rana a Ramadan ko a dakatar da su, abin da ya jawo suka daga shugabannin Musulmi. A Yulin 2012 hukumar garin Gennevilliers, kusa da Faris, ta dakatar da wasu ma'aikata huɗu masu kula da yara a sansanin hutu saboda suna azumi, sai da aka yi ca a kanta ta janye. A yankin Shinjiyan na ƙasar Sin, a 2014 da 2015, ofisoshin gwamnati sun fitar da sanarwar hana ma'aikata da malaman makaranta yin azumi. A ɗaya ɓangaren kuma, a Agustan 2010 an kama wasu leburan gini biyu Kiristoci a garin Ain al-Hammam na Aljeriya saboda sun ci abinci da rana a wurin aikinsu, kotu ta sallame su a Oktoba na shekarar.

Duk Musulmin da ransa ya ɓaci da labarin Mantova ko na Shinjiyan, ya riga ya san yadda Bahabashe yake ji idan aka kashe wutar kambo, ko aka zuba masa kifi a miya ranar Filsata. 'Yan'uwanmu da ke ci-rani a Legas da Fatakwal da Kumasi da Turai, a ƙarƙashin iyayen gidan da ba Musulmi ba, suna fatan a bar su su yi sahur, a ba su minti goma su sha ruwa, kada a cusa musu abin da ba su ci. Abin da muke nema musu a can shi ya kamata mu bayar a inda muke da iko, ko a Gadarif ne, ko a gonakin shinkafa na Kura da Hadeja, ko a gidajenmu na Kano da Kaduna inda 'yan aiki daga wasu al'ummomi suke kwana a ƙarƙashin rufinmu.

Abin da ya kamata a yi

Masu iya magana na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma da wannan karin magana ne wasu iyayen gida suke kafa hujja cewa wanda ya karɓi kuɗinsu sai ya bi tsarinsu. To amma askin shi ne aikin da aka yi jinga a kansa, wato ciyawar da za a cire da riɗin da za a yanka. Mai gona yana da cikakken iko a kan abin da zai saya da kuɗinsa, da abin da za a dafa a tukunyarsa, da hana maye a bakin aiki da kusa da injuna. Abin da mutum zai sa a cikinsa da lokacin da zai sa, da azumin da zai ɗauka ko ya ajiye, wannan ba ya cikin abin da aka saya.

Saboda haka muna kira ga manomanmu da wakilansu da su faɗi sharuɗɗan ci da sha tun a wurin ɗaukar lebura, kafin a hau tarakta a shiga daji, domin wanda bai yarda ba ya nemi wani wurin tun yana da zaɓi. A riƙa raba abinci ɗanye ga kowane rukuni maimakon tukunya guda. A sa wake ko adas a cikin kayan da ake kaiwa, don mai azumin nama ya samu abin miya. Randar ruwa ta kasance a buɗe dare da rana, a Ramadan da wajen Ramadan. Idan azumi ya faɗo a kan girbi, a mayar da aiki sassafe da yamma, kowa ya huta da tsakar rana. Kada a taɓa ladan kowa a kan abin da ya ci ko ya sha a wajen aiki. Ƙungiyoyin manoma na jihar da sarakunan Hausawa da limamanmu suna iya mayar da waɗannan abubuwa al'ada tun kafin wata doka ta zo, musamman a huɗubobin da ake yi gab da faɗuwar damina.

Kakannin Hausawan Sudan sun shigo ƙasar a matsayin baƙi masu neman aikin yini, suka ci abincin wasu kafin su mallaki nasu rumbun, har suka koya wa ƙasar cin agashe da shan godogodo. Ya dace jikokinsu su zama na gaba wajen kyautata wa baƙon da ya zo musu da lauje. Allah ya ba Sudan zaman lafiya, ya sa albarka a damina, ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu, amin.